Yadda Ake Gane Gwarancin Yaro Idan Yana Magana da Turanci

Yaro ɗan shekara biyu ya dawo daga makarantar rainon yara, ya riƙe zanen uwarsa yana ta cewa "wawa, wawa". Kakarsa ta ji, ta ce wa ya koya wa yaron nan zagi? Ba zagi ba ne, ƙishirwa yake ji. "Water" yake son faɗa, bakinsa ya ɗauki gaɓar farko ya maimaita ta. Haka idan ya ce "baba" yana nuna kan tebur, mai yiwuwa ba mahaifinsa yake kira ba, "bottle" ɗinsa yake nema. Gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, da na 'yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka, suna fama da irin wannan, tunda yanzu yara kan shiga makarantar Turanci tun bakinsu bai gama buɗewa ba.

Gwarancin yaro ba shirme ba ne. Yana da ƙa'ida. Yaron da ya mayar da sautin k ya zama t a kalma ɗaya, haka zai yi a kusan duk kalmar da ke da k. Wanda ya gano ƙa'idar yaronsa zai iya warware kalmar da bai taɓa jin ya faɗa ba.

Ku fara gyara wurin sauraro

Rabin rashin fahimta daga wurin yake, ba daga bakin yaro ba. A rage ƙarar talabijin ko a kashe, a matsa nesa da janareta da fanka mai ƙara. Ku durƙusa fuskarku ta yi daidai da tasa, kamar taku ɗaya tsakaninku, domin leɓɓansa za su gaya muku abin da kunne bai kama ba: idan ya haɗe leɓɓa a farkon kalma, to p ko b ko m yake furtawa. Idan akwai abinci ko yatsa ko robar tsotso a bakinsa, a bari ya cire tukuna. Sannan ku dubi abin da ke hannunsa, da inda idonsa yake, da abin da aka gama yi yanzun nan. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku kusan kullum a kan abin da ke gabansa yake magana.

Ku tara kalmominsa a rubuce

A sami ƙaramin littafi, a raba shafi gida uku: abin da ya faɗa, abin da yake nufi, da halin da ya faɗe shi. A cikin mako guda a tara kalma 30 zuwa 50. Abin da ya faɗa kuwa, ku rubuta shi da rubutun Hausa, ba da na Turanci ba. Wannan gata ce babba ga mai jin Hausa, saboda rubutunmu yana bin sauti, na Turanci kuwa ba ya bi. Idan ya ce "tap" a maimakon "cup", ku rubuta t-a-p yadda kuka ji, kada hannu ya gyara masa.

Kada ku ce masa "faɗi kaza" ya maimaita bayanku. Yaro ya fi iya furta kalma idan ya kwaikwaya nan take, don haka abin da za ku samu zai fi maganarsa ta yau da kullum kyau, ya ɓatar da ku. Ku nuna masa abu ko hoto ku tambaye shi mene ne. Waɗannan kalmomin sun taɓo yawancin sautukan da ke ba yara wahala: cup, key, go, dog, sun, bus, fish, van, shoe, chair, juice, spoon, star, blue, rabbit, leg, banana, elephant, thumb. Ku kuma ɗauki muryarsa a waya na minti uku zuwa biyar yana wasa, wayar na kusa da shi ba tare da ya riƙe ta ba. Abin da ya gagara a ji na farko sau da yawa yakan fito a ji na uku.

Ƙa'idojin da za ku gani a littafin

Ta farko, kuma wadda ta fi rikita manya, ita ce jawo sautin baya zuwa gaba. Ana furta k da g ne ta ɗaga bayan harshe ya taɓa hanɗa, can cikin baki inda yaro ba ya gani. Ana furta t da d da tsinin harshe a hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama. Na gaban ya fi sauƙi, shi ya sa "car" take zama "ta", "key" ta zama "ti", "go" ta zama "do", "cake" ta zama "tet". Yawancin yara kan daina wannan wajen shekara uku da rabi.

Ta biyu ita ce datse sautin da ake ja. Sautukan s, z, f, v da sh suna bukatar a bar 'yar siririyar kafa iska ta riƙa wucewa, abin da ke bukatar harshe ko leɓe ya tsaya cak a wuri guda ba tare da ya manne ba. Yaro bai kai ga wannan ba, sai ya rufe kafar gaba ɗaya ya sake ta. "Sun" ta zama "tan", "fish" ta zama "pit", "zip" ta zama "dip", "shoe" ta zama "tu", "juice" ta zama "dut". Na f da s kan gyaru wajen shekara uku, na v da z wajen uku da rabi, na sh da ch da j kuwa sai wajen huɗu da rabi.

Ta uku ita ce rage baƙaƙen da suka cunkushe. Turanci yana jera baƙi biyu ko uku ba wasali a tsakani, yaro kuma sai ya ajiye ɗaya. Akwai tsarin da yake bi wajen zaɓa. Idan s ce a gaba, galibi ita ke faɗuwa: "spoon" ta zama "pun", "star" ta zama "ta", "snake" ta zama "nek". Idan l ko r ce ta biyu, ita ke tafiya: "blue" ta zama "bu", "plate" ta zama "pet", "bread" ta zama "bed". Wannan yakan kai shekara huɗu, jerin baƙi uku irin na "string" ma yakan wuce haka.

Sai yar da gaɓa mara nauyi. A Hausa kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta, karin sauti da tsawon wasali ne ke bambanta kalmomi. A Turanci gaɓa ɗaya ce ke ɗaukar nauyi, sauran a murƙushe su, kuma wadda aka murƙushe kafin mai nauyin ita kunnen yaro ke tsallakewa. "Banana" ta koma "nana", "tomato" ta koma "mato", "computer" ta koma "puta", "giraffe" ta koma "raf". A gidan da akwai mai suna Nana, a lura da inda yatsansa ke nunawa. Wannan ma wajen shekara huɗu yake ƙarewa.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Yana yar da baƙin ƙarshe, "dog" ta zama "do", "bus" ta zama "ba", har zuwa shekara uku da 'yan watanni. Yana sa baƙi ɗaya ya rinjayi ɗan uwansa, "duck" ta zama "gak", "yellow" ta zama "lelo". Yana mayar da r da l su zama w ko y, "rabbit" ta zama "wabit", "leg" ta zama "yeg", kuma wannan shi ne mai daɗewa, yakan kai shekara biyar ko ya ɗan haura. Sharynne McLeod da Kathryn Crowe sun tattara binciken da aka yi a harsuna 27 a 2018, suka ga yawancin baƙaƙe yara kan mallake su zuwa shekara biyar. A nazarinsu na 2020 kan yaran Amurka masu Turanci, r sai a shekara biyar take zama, sautin th na "thumb" kuwa sai a shida. Don haka ɗan shekara huɗu da ke cewa "fam" ko "tam" a maimakon "thumb" bai makara ba.

Yadda ake warware kalma a koma asalinta

Matsalar ita ce ƙa'idojin nan kan hau kan juna a kalma ɗaya. Ku ɗauki "school". An yar da s ta zama "kul". An jawo k gaba ta zama "tul". An yar da baƙin ƙarshe ta zama "tu". Ga shi kuma "shoe" ma "tu" ce, "two" ma "tu" ce. Haka "ti" tana iya zama tea, key, see, tree ko teeth a bakin yaro guda.

Ga yadda za a bi. Da farko ku riƙe wasalin, domin shi ne ya fi tsira. Yara masu Turanci kan daidaita yawancin wasulansu zuwa shekara uku, tun baƙaƙe na tangal-tangal. Na biyu ku ƙirga gaɓoɓi, ku ji wadda ya danna. Na uku ku ɗauki baƙin farko ku tambayi kanku daga ina zai iya fitowa: t tana iya zama t ɗin kanta, ko k, s, sh, ch, st, sk, tr. D tana iya zama d, g, z, j, dr, ko th na "this". P tana iya zama p, f, sp, pl. W tana iya zama w, r, l. Na huɗu ku ƙara baƙi a ƙarshe ku gani ko kalma za ta fito. Daga nan sai halin da ake ciki ya yanke hukunci. Idan da safe ne ya ɗauki jaka ya ce "ai do tu", to "I go school" ce. Idan ƙafarsa yake kallo ya ce "mai tu", takalmi yake nema.

Ku sani kuma nahawunsa ma a gutsure yake, kada ku tsaya neman kalmomin da bai faɗa ba. Ƙananan kalmomi irin su is, the, a, to sukan ɓace, ya ce "Daddy car" yana nufin motar Baba ce, ko Baba yana cikin mota, ko ga motar Baba ta iso. Yakan ce "me" a wurin "I". Wajen shekara uku zuwa huɗu za ku ji "goed" da "foots" da "mouses". Wannan alama ce mai kyau: ya gano doka yana shimfiɗa ta ko'ina, bai dai san inda aka yi togiya ba tukuna.

A bambanta gwaranci da karin harshe

A nan ne aka fi zaluntar yaranmu, kuma a nan ne malaman aji ya kamata su fi natsuwa. Yaron da ya tashi da Hausa yana shigo da tsarin sautinta cikin Turanci, kamar yadda manyansa suke yi. Hausa ba ta raba p da f a matsayin sautuka biyu, don haka "pen" da "fan" kan yi musayar baƙin farko. Ba ta da v, sai "van" ta zama "ban". Ba ta da th, Bahaushe kuma yakan mayar da shi s ko z, ya ce "sank yu" da "zis", alhali antin da ta fito daga kudu takan ce "tank yu" da "dis", yaron kuma ya kwaso duka biyun. Cunkoson baƙaƙe kuwa Hausa ba ta yar da ɗaya, wasali take cusawa a tsakani, kamar yadda "bread" ta zama burodi, "driver" ta zama direba. Saboda haka yaron da ya ce "sukul" ko "sifun" Hausarsa ce ke magana, wanda ya ce "kul" ko "pun" ƙuruciya ce ke magana. Na biyun zai wuce da kansa, na farkon kuwa karin harshe ne, ba ciwo ba.

Akwai kuma abin da yara ke ɗauka a katun. Wanda ke yawan kallon na Amurka zai ce "wada" a maimakon "water", domin haka suke lanƙwasa t a tsakiyar kalma. Yaron da ke makaranta a Landan yana iya haɗiye t ɗin ɗungurungum, ya kuma ce "fing" a maimakon "thing", don haka abokansa ke faɗa.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a saurare shi da Hausa. Idan yana cewa "ta" a maimakon "car", a nuna masa kaza da gida. In ya ce "taza" da "dida", ƙa'idar bakinsa ce, tana aiki a harsunan biyu. In Hausarsa tas take fita daidai da ta tsaransa, Turancin ne kawai ke karkacewa, to bai daɗe da fara jin harshen ba ne, lokaci yake bukata. Matsalar furuci ta gaskiya ba ta zaɓar harshe. Kuma jin harshe biyu ba ya haddasa ta, don haka kada a hana yaro Hausa a gida da sunan gyara masa Turanci. Uwar da ta daina hira da ɗanta da harshen da ta fi iyawa ta rage masa yawan maganar da yake ji, ita ce kuwa abincin bakinsa.

Idan ya yi magana ba ku gane ba

Kada ku gyaɗa kai ku ce "to" alhali ba ku ji ba. Yara suna ganewa, wasu su fusata, wasu su daina ƙoƙari. Ku maimaita masa abin da kuka kama ku bar masa gurbin sauran: "You want the blue...?" Ta haka kalma ɗaya kawai zai sake faɗa, ba jimla duka ba. In bai yiwu ba, ku ba shi zaɓi biyu, "car or star?", domin kalmar da kuka san ɗaya ce cikin biyu ta fi sauƙin kamawa. In har yanzu shiru, ku miƙa masa hannu ku ce ya kai ku ya nuna. Kada neman maimaici ya wuce sau biyu. A na uku ku ɗora laifin a kan kunnenku, ku ce kunnen Mama bai ji da kyau ba, za mu sake anjima, sannan ku rubuta abin da kuka ji. Sau da yawa kafin dare ma'anar takan bayyana.

Bayan tambaya ku ba shi daƙiƙa biyar zuwa goma. Ga babba shirun yana da tsawo, ga yaron da ke harhaɗa sauti kuwa daidai ne. Yayyensa sukan fi kowa jin gwarancinsa, a tambaye su idan an rasa, amma kada a bar su su zama bakinsa har ya ga ba sai ya yi magana ba.

Da kun gane, ku mayar masa da kalmar daidai cikin hira, ba da sigar gyara ba. Ya ce "bu ta", ku ce "Yes, a blue car. The car is fast. Push the car." Ya ji kalmar sau uku ba wanda ya ce masa ya yi kuskure. Kada ku kwaikwayi gwarancinsa ko da don sha'awa ne. A 1960 Jean Berko da Roger Brown sun ba da labarin yaron da ke kiran kifinsa na roba "fis". Da babba ya ce masa wannan "fis" ɗinka ne, sai ya ƙi, ya yi ta musu, har sai da aka ce "fish" sannan ya amsa cewa eh, "fis" ɗinsa ne. Kunnensa ya san daidai, bakinsa ne bai kai ba. Wannan ne ya sa tsare yaro da "faɗi car, ba ta ba" bai cika amfani ba, dariya da tsawa da bulala kuwa ba abin da suke ƙara masa sai tsoron buɗe baki.

Yaushe abin ya wuce ƙuruciya

Ma'aunin shi ne baƙo, ba uwa ba, domin uwa ta riga ta haddace ƙa'idar. Tsohon ƙiyasin Coplan da Gleason na 1988, wanda likitocin yara suka daɗe suna amfani da shi, ya ce baƙo zai gane rabin maganar ɗan shekara biyu, kashi uku cikin huɗu na ɗan shekara uku, kusan duka na ɗan shekara huɗu. Binciken Katherine Hustad da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin a 2021, inda baƙi suka rubuta abin da suka ji ba tare da ganin yaran ba, ya nuna yara masu lafiya da yawa ba sa kai wannan da wuri haka. Duk da haka, ɗan shekara huɗu da baƙo ba ya gane ko rabin maganarsa yana bukatar a duba shi. Za ku iya aunawa da kanku: ku ba wani mai jin Turanci wanda bai saba da yaron ba muryar da kuka ɗauka, ya rubuta abin da ya ji, ku ƙirga kalmomin da ya dace cikin 50.

Akwai alamun da ba a jiran shekaru a kansu. Yaron da ke tura sautin gaba zuwa baya, ya ce "ki" a maimakon "tea", "go" a maimakon "door". Wanda ke yar da baƙin farko, "cat" ta zama "at". Wanda wasulansa ke rikicewa bayan shekara uku, ko yake furta kalma ɗaya ta hanya uku daban a zama guda. Wanda iska ko abin sha ke fitowa ta hancinsa, ko yake kwana baki buɗe yana minshari kullum. Haka yaron da ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, idan an haɗa Hausarsa da Turancinsa an ƙirga tare, ko wanda ya iya kalmomi sannan suka ɓace. In'ina daban take da tsamin baki. Maimaita kalma tsakanin shekara biyu da biyar abu ne da ake yawan gani, amma idan ya haura wata shida, ko yaron yana yamutsa fuska yana kokawa da kalma, a nemi ƙwararre.

A kowane hali kunne ake fara dubawa. Ruwa yakan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi, yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne da auduga. Sautukan da suka fi ɓacewa su ne marasa ƙarfi irin su s, f da th, da ƙarshen kalmomi, wato daidai inda Turanci ke ajiye jam'i da shuɗaɗɗen lokaci. Yaron da ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa ke zubar da mugunya, a gwada jinsa ko da maganarsa ba ta yi muni ba. Ga ɗan shekara uku zuwa sama akwai gwajin gida da sautuka shida na masanin ji Daniel Ling: m, a, u, i, sh, s. Ku tsaya bayansa taku ɗaya, ku furta su ɗaya-ɗaya da murya ta yau da kullum, kuna sassaɓa tazarar lokaci, shi kuma ya ɗaga hannu duk sanda ya ji. Ku sake daga taku uku. In sh da s suna wuce shi, a tafi asibiti. In ya ji duka amma shakka na nan, a tafi duk da haka, domin wannan bai maye gurbin gwajin na'ura ba.

Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yanke tantanin ƙarƙashin harshe da nufin bakinsa ya saki. Beli ba shi ke hana furta k ko s ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan ana zargin harshen a ɗaure yake, likita ne zai duba ya yanke shawara. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su ne wuraren da za a nemi gwajin ji, a kuma tambayi inda za a sami mai gyaran magana. A Ingila ana bi ta likitan unguwa ko ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gida. Ranar zuwa a tafi da littafin kalmomin nan, da muryar da aka ɗauka ta Hausa da ta Turanci, a kuma gaya wa mai dubawa harsunan da yaron ke ji a gida da shekarun da ya fara jin kowanne.